Tulun Gindin Rumbu

Unguwar Zariya, Maraɗi
10 ga Yuli, 2022

Zuwa ga Malama Larai, uwata a cikin bangaskiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar nan taki, yaya kunnen? Yaya damina a Damagaram? Mu nan ruwa ya sauka da kyau, gero ya rufe ƙasa. Maigida Wada yana gaishe ki.

Na san in na kira ki a waya sai dai in yi ta ihu, unguwa duka ta ji, ke ba ki ji ba. Abin da ke bakina kuwa ba na ihu ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, yadda kika koya mini a Tsibiri tun ina budurwa.

Malama, Lahadi uku ke nan ban kaɗa tulun kiɗa a zumuntar matan majami'a ba. Na ce musu hannuna ke ciwo. Ƙarya na yi, hannuna lafiyarsa lau.

Kin tuna wana Dodo, wanda ya zauna a gidan Baba bayan Tsibiri, ya riƙe annanci, bautar iskoki, yadda ya gada. Ran da na karɓi baftisma dangi suka yi ca a kaina, shi kaɗai ya ce a ƙyale ni. Kowace kaka damin gerona na iso ni har Maraɗi. Shekara talatin da tara ina kai sunansa gaban Allah, ke shaida ce.

A tsakiyar watan Yuni ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka kawo shi asibiti nan Maraɗi. Kwana na huɗu likita ya ja ni gefe ya ce mu yi ta addu'a. Kin san abin da likita ke nufi in ya faɗi haka.

Daga nan hankalina ya tafi wuri ɗaya: tulun nan da ke ƙarƙashin rumbu, bisa dutse, baki a liƙe da laka, wanda Baba ke zuba wa gumba da jinin kaza saboda iskokin gida. Na ce a raina, ashe haka Yaya Dodo zai tafi gaban Allah, abin nan na zaune a gidansa? Ban yi shawara da Pasto ba, ban faɗa wa Wada ba. Kin san ni da zafin kai. Ran Alhamis da rana tsaka na hau kabu-kabu sai Tsibiri. Matarsa Kyauta tana asibiti wurinsa, sauran mutanen gida duk suna gona. Na jawo tulun fili, na ɗauki taɓarya, ina waƙar yabo da ƙarfi don kada tsoro ya kama ni. Bugu na uku ya tarwatse.

Babu laya a ciki, Malama. Babu gashin kaza, babu ƙashi, babu komai. Irin gero ne gauraye da toka, ragowar wanda ya shuka bana. Ya watse a ƙasa, kaji suka rugo.

Ina tsaye sororo sai idona ya faɗa kan tsingaron wuyan tulun. Shaidar babban yatsa ce a jiki, an danna tun yumɓu na ɗanye. Na san yatsan nan. Innarmu maginiyar tukwane ce 'yar Jiratawa, haka take sa wa duk abin da ta gina. Ina da shekara goma sha biyu ta rasu, tukwanenta duk sun daɗe da ƙarewa. Mu mata ba a bari mu matsa kusa da tulun, ban taɓa sanin ginin hannunta ba ne. Shi kaɗai ya rage a duniya, ni kuma na sa masa taɓarya.

Na tattara tsingaron a mayafina na gudo kamar ɓarauniya.

Ga shi kuma Yaya Dodo bai mutu ba. An sallame shi, aka kai shi gida. Tun daga ƙofa idonsa ya sauka gindin rumbu. Wata maƙwabciya ta gan ni ranar, labari ya riga ni. Sau biyu ina zuwa gaishe shi, da ya ji muryata sai ya juya fuska bango. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba!

Tun ranar ƙarar fashewar tulun nan ba ta bar kunnena ba. Na sa hannu bisa tulun majami'a, bugu ɗaya, sai na ji waccan. Ko tukunyar miya aka ajiye da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ni ce fa shekara ashirin nake tsayawa gaban mata ina koya musu cewa haƙuri yana cikin 'ya'yan Ruhu.

Ina tsoron ya tafi bai dube ni ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki gaida kowa da kowa. Taki har kullum,
Ladi

Unguwar Zariya, Maraɗi
12 ga Satumba, 2022

Malama Larai,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Ina gajiya, ina ƙarfin jiki? Na ji an yi miki allurar gwiwa, Allah ya sa a dace. Mu muna nan da godiya.

Takardarki ta iso ta hannun direba. Kai, Malama! Na rubuta miki shafi huɗu, kin amsa da layi biyu: in koma in karanta labarin barorin nan da suka so su tuge ciyawa daga cikin hatsi, ubangidansu ya ce su bari sai kaka, kada su tuge har da mai kyau. Na ji haushinki kwana biyu. Sau nawa ni da bakina na koyar da wurin nan? Daga baya na karanta, na rufe, na yi kukana.

Ashe ban ma ji komai ba tukuna. Kyauta ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Ran da ta buɗe baki, gara da ta ci gaba da shirun. Ta ce shekara bakwai ke nan Yaya Dodo bai zuba wa tulun nan ko ɗigon ruwa ba. Tun ran da aka binne ɗana na fari, ya tsaya bayan taro ya ji muna waƙa bisa kabari, ya koma gida ya wanke tulun da hannunsa, ya mai da shi wurin ajiyar iri. Ta ce kusan kowace Lahadi yakan ɗauki kabarsa ya tafi gindin itacen dogon yaron da ke bayan majami'ar Tsibiri, ya zauna wai tufkar igiya yake, har a tashi. Bai taɓa shiga ba. Ya kuma hana kowa ya faɗa mini, wai in Ladi ta ji za ta iso da Pasto da ruwan baftisma kafin ya gama tunaninsa.

Kin ji yadda ɗan'uwana ya san ni. Shekara bakwai yana tahowa da ƙafarsa a hankali, ni ina Maraɗi ina gaya wa Allah ya yi nawa.

Na ce to, ko ba komai in mayar masa da tulu. Na tafi Jiratawa wurin wata tsohuwar maginiya, Tasalla, wadda suka yi ɗibar yumɓu tare da Inna suna 'yan mata. Na kwance mayafi gabanta. Ba ta tambaye ni wanda ya fasa ba, ta dai dube ni sama da ƙasa, na sunkuyar da kai. Ta ce su a sana'arsu tsohon tsingaro ba ya zama shara. Dakawa suke su cuɗa cikin sabon yumɓu, shi ke ba shi ƙarfi a wuta. Wato ana iya gina sabon tulu da jikin na Inna a ciki. Na ji kamar in yi guɗa. Sai ta ce amma ba yanzu ba: ba a gasa tulu da damina, yumɓu ba ya bushewa har ciki, sai bayan kaka in iska ya juya.

Bayan kaka! Mutum yana kwance ɓari a shanye, a ce mini bayan kaka? Na yi magiya, na yi kuka, na koma har sau uku cikin mako ɗaya. Na ce a shanya shi kusa da murhu. Tsohuwa ta gaji da ni ta gina. Ya yi kyau, Malama, har wuyan irin na Inna. Kwana tara aka sa shi wuta, ina tsaye. Wutar ba ta gama kamawa ba muka ji fas! Ƙarar nan dai, ita ce, ba ta canja ba. Na zauna cikin toka ina kuka.

Tasalla ta bar ni na gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. Ashe rabin tsingaron ta daka, ta ɓoye rabi. Ta ce tun ran farko ta ga ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Ta ce kada ta sake ganina a Jiratawa sai ta aiko, in kuwa na zo za ta zuba sauran a gulbi. Abu ɗaya na ɓoye mata ni ma: tsingaron da ke da yatsan Inna yana ƙulle a bakin zanena.

Yanzu kowace Asabar ina Tsibiri. Ba na wa'azi, ba na waƙa. Ina gaishe shi, ya juya bango, in zauna bakin ƙofa in taya Kyauta tsintar wake har la'asar.

Akwai wani abu kuma da ke hana ni sakewa. Irin nan da ya watse, wanda kaji ba su tsince ba, ya tsiro a daidai inda na yi ɓarnar. Kyauta ta so ta nome, Yaya Dodo ya yi ta buga sanda a ƙasa har ta bari. Ya sa an kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Yanzu ya fi ni tsawo, ya fid da kai. Daga shimfiɗarsa yana hangensa ta ƙofa. Ni kuwa nan nake zama, kara na motsi a bayana ko babu iska sosai. Na san don me ya bar shi: don duk wanda ya shigo gidan ya ga inda Ladi ta tsaya da taɓarya. Ban ga laifinsa ba.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a. Jikinsa ba ya samun sauƙi.

Ɗiyarki,
Ladi

Unguwar Zariya, Maraɗi
9 ga Nuwamba, 2022

Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Ina fatan kina lafiya. Ki yi mini haƙuri, yau gaisuwata gajera ce.

Yaya Dodo ya rasu ran Talatar makon jiya da hantsi. An binne shi a bayan gida kusa da Baba, yadda dangi suka saba.

Tulu bai iso ba. Na sami labari Tasalla ta gina shi, yana inuwa yana bushewa, ta ce sai watan gobe. Da na bar ta tun farko ma da bai iso ba, na sani. Amma da ban ɗauki taɓarya ba, da ba a nemi wani tulu ba.

Bari in gaya miki Asabar ta ƙarshe. Na tarar an girbe geron gindin rumbu, kara kawai ke tsaye. Na tambayi Kyauta, ta ce shi ya sa a yanke, ta kau da kai. Na shiga ɗakin. Ya rame ƙwarai, numfashi sama sama. Na gaishe shi, ya juya bango kamar kullum. Malama, kalmomi sun cika mini baki. Na so in ce masa ya kira sunan Yesu ko sau ɗaya, yanzu, yanzu, kafin lokaci ya ƙure. Har na buɗe baki. Sai na ji kamar taɓaryar ce a hannuna kuma. Na haɗiye.

Na kwance bakin zanena, na sa masa tsingaron nan cikin hannunsa na hagu, mai lafiyar. Na ce masa na yi laifi, ban da abin da zan faɗa bayan wannan. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai na ga babban yatsansa yana lalube, har ya faɗa cikin gurbin na Inna, ya tsaya nan. Ya rufe hannu. Bai juyo ba. Na zauna har rana ta yi sanyi ina kallon ƙeyarsa, bai juyo ba.

Masu wanka sun ce da shi a hannu suka same shi, suka bar masa.

Wata huɗu da 'yan kwanaki ina zuwa, ban ga idon ɗan'uwana ba. Ban sani ba ko karɓa ya yi don ya yafe, ko kuwa kayan uwarsa ya amshe daga hannun wadda ba ta cancanta ba. Matan zumunta sun zo gaisuwa, kowace ta ce in yi haƙuri, da irin muryar da ni na koya musu. Wata ta tambaye ni a hankali ko ya karɓi Ubangiji kafin ya cika. Na ce ban sani ba. Ta dube ni da idon tausayi, na ji kamar in kore ta.

Lahadin da ta wuce ban iya shiga majami'armu ba. Na tafi Tsibiri na zauna gindin dogon yaron nan. Akwai wani dutse da ya yi sulɓi don zama, da guntayen kaba a ƙasa har yanzu. Daga nan ana jin waƙa sarai, har da tulun matan. Wa'azi ne ba ya isowa sosai, sai in mai yi ya ɗaga murya. Ina ta tunanin abin da ya ji da abin da bai ji ba cikin shekara bakwai.

Wada ya ce in gaishe ki. Ba na cin abinci sosai, amma kada ki damu.

Taki,
Ladi

Unguwar Zariya, Maraɗi
16 ga Janairu, 2023

Zuwa ga Malama Larai, uwata,

Barka da sabuwar shekara, barka da sanyi. Yaya jikin, yaya yaran? Na gode da ta'aziyyarki, da zanen da kika aiko. Wannan karon kin cika shafi guda, na ce lallai Malama ta tsorata da ni.

Ana saura kwana huɗu Kirsimati Tasalla ta aiko. Na tafi Jiratawa, na tsaya nesa da wutar, hannuna bisa kunne kamar ƙaramar yarinya. Ba abin da ya fashe. Da ya huce ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa lafiya lau. In kin duba jikinsa da kyau za ki ga ɗigo ɗigo ja, na Inna ke nan. Ban san inda zan kai shi ba, mai shi ba ya nan. Na kawo shi gida na ajiye a lungu babu komai a ciki, kullum in na wuce sai in kau da ido.

Ran Juma'ar da ta wuce sai ga Kyauta da sallama, ita da ba ta taɓa taka gidana ba sai da dalili. Ta ƙi zama. Ta sauke wani ƙulli daga kai ta ajiye gabana, ta ce nauyi ne ta gaji da ɗauka, ya hana ta sukuni wata biyu.

Zangarniyar gero ce guda goma sha ɗaya, manya, an ɗaure da igiyar kaba wadda tufkarta ta karkace. Geron gindin rumbu ne. Ta ce da ya nuna, Yaya Dodo ya sa aka ɗauke shi aka kai shi wurin, ya riƙa nuna wadda za a yanka ɗaya bayan ɗaya, yadda yake zaɓen iri kowace shekara. Igiyar shi ya tufka, da hannun hagu da haƙori, kwana uku yana fama. Da ya gama ya tura mata damin, ya yi ta ƙoƙari da bakin nan nasa har kalma ta fito. Tun faɗuwarsa ba a ji ya kira sunan kowa ba. Sunana ya kira, har sau biyu.

Ta ce wannan ya faru tun kafin Asabar ɗin da na kai masa tsingaro. Haushina ne ya sa ta ɓoye a cikin rumbu. Ta nemi in yafe mata. Haba, ni wa zan riƙe a zuciya? Muka rungume juna muka yi ta kuka a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Malama, kin san gidanmu. Ɗiya mace ana aika mata da geron ci, amma iri ba ya bin ta gidan miji, na maza ne. Ni kuwa duk Asabar ɗin nan ina zaune na ba geron nan baya, ina cewa don ya tona mini asiri ya bar shi. Ashe kiwonsa yake yi mini. Yana juya mini ƙeya, yana kuma ƙirga kwanakin nunarsa.

Har yanzu ban ga idonsa ba, kuma ba zan gani ba a nan duniya. Inda ya tsaya da Allah ban sani ba. Na bar tambayar a hannun wanda ya jira shi shekara bakwai gindin itace bai kore shi ba, bai kuma jawo shi da ƙarfi ba. Ƙarar nan ma ba ta tafi duka ba, takan zo. Pasto ya ce in ɗauki darasin haƙuri a taron mata na bana, wurin da aka ce mu dubi manomi yadda yake jiran ruwan fari da na ƙarshe. Na ce a ba wata. Ni yanzu aji ɗaya nake.

Na sussuke zangarniyar da hannuna, na gauraya da toka, na zuba a tulun. Bai kai ko rabi ba. Na liƙe bakin da laka, na danna babban yatsana a kai. Wada ya sare mini wuri a bayan ɗakin girki, taku shida ne da ƙafarsa, ya kewaye da ƙaya.

Jiya har na ɗauki bokiti, na ce ai ga famfo a gida, me zai hana in shuka kaɗan in yi ta ban ruwa in ga ko zai fito? Na kai hannu bakin tulun, Malama. Sai na ajiye bokitin na koma na zauna.

Saura wata biyar ruwa ya sauka. In Allah ya kai mu kaka, zangarniyar farko taki ce.

Ki gaida 'ya'ya da jikoki, da duk masu tambayata. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗiyarki mai zafin kai,
Ladi, ƙanwar Dodo